Fitilun Garkar Badaru

Duk wanda ya zauna a Kurfi a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai ya san Badaru Mai-fitila, ko da bai san sunan ubansa ba. Dogo ne siriri, kullum hannunsa na warin kananzir. In za a yi walima, ko tafsirin azumi, ko wani mai hali ya gaji da ɓarayi yana son a haskaka masa ƙofar gida, shi ake kira. Zai zo da gorarsa da igiya da ƙusoshi, ya rataye fitilun a sama, ya kunna, ya juya. Ba ya tsayawa cin tuwo, ba ya tsayawa jin yabo. Gidansa kuwa, can bakin rafi a wajen gari, ko aci-balbal ba a gani a cikinsa. Wasu suka ce rowar mai ce, wasu suka ce taɓin hankali. Ni Maniru ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma maganar nan har yau tana ɓata mini rai, shi ya sa na ga gara in faɗi yadda aka yi. Duk abin da Yaya Badaru ya yi da fitila, ya fara shi ne don mace ɗaya ta samu barci a ɗakinta.

Mahaifinmu Malam Ya'u yana da makarantar allo a cikin gari. Yaya Badaru ya zauna gabansa kamar kowa, amma karatu bai shiga kansa ba, shi ma bai matsa wa karatun ba, suka rabu lafiya. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. Ya iya gyaran ƙofa, ya iya ɗinkin ƙwarya, in fitilar makaranta ta fara hayaƙi shi ke datse lagwaninta. Aka aura masa Yahanasu, 'yar Fulanin Barkiya, daga gidan shanu, irin waɗanda Hausa ta riga ta zama harshensu sai dai in sun fusata. Mace ce mai surutu da dariya, shi kuma sai ya yini bai yi magana ba, don haka gidan ya daidaita. Suka haifi 'ya ɗaya da ta rayu, Sauda, aka yi mata aure a Birchi.

A wancan zamani da an gama girbi maza sai su bazu ci-rani. Wasu har Ikko. Shi Yaya bai taɓa wuce Dutsin-Ma ba. Akwai wani Baturen gona da ke zaune a bariki da matarsa, wani mai kula da lambunsu, Garba, ya samar masa aiki a wurin. Aikin kuwa shi ne fitilu: ya wanke ƙwansu, ya zuba mai, ya jera su da magariba, ya kashe da asuba.

Matar Baturen nan tana da wani hali da ya ba Yaya mamaki. Mu dai mun san fitila a hannu ko a ɗaki. Ita kuwa itatuwa take kunna wa. Sai ta sa a ajiye fitila a gindin bishiya don hasken ya hau jikinta, a ajiye wata a bayan wani dutse da ta kewaye da furanni, a jera wasu a gefen hanyar tsakuwa. Saboda iska, Garba ya samo dabarar kwantar da tukunya a ƙasa, a binne rabinta, a sa fitilar a ciki, bakin tukunyar yana kallon waje. Da haka iska ba ta kashe ta, hasken ya shimfiɗu a ƙasa har zuwa danga, gidan kansa ya zauna cikin duhu. Mai gadi yana ganin ƙafar duk wanda ya tunkaro, shi kuwa mai tunkarowa ba ya ganin mai gadi. Yaya ya yi rani da yawa yana wannan aiki har ya fi Garba iya saita bakin tukunya. Amma kowace shekara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ɗaure kayansa ya dawo gida noma. Bai taɓa kwana a barikin nan da damina ba.

Da Malam ya rasu aka raba gado, makaranta ta faɗo kaina, shi ya samu fili a bakin rafi. Ya haƙa rijiya, ya kafa jigo, ya yi garka ta albasa da tumatir da barkono, ya dasa lemun tsami da gwanda, ya gina ɗakuna biyu a gefe ya tare da matarsa. Daga nan ya daina ci-rani. Wurin ba maƙwabci, sai kukan tsuntsayen rafi. Na ce masa ya yi nisa da mutane, ya ce albasa ba ta son hira.

Ana gab da samun mulkin kai, bayan kaka, Sauda ta haihu. Yaya ya tafi Birchi da ragon suna ya kwana can, a kan Yahanasu za ta biyo da safe tare da matan gidanmu. A daren ne ɓarayi suka tsaga danga, suka bi ta garka suka shiga ɗakinta. Suka kwashe kwanukan jerenta da zannuwa da abin wuyan da uwarta ta bar mata. Ba su taɓa ta ba. Ta dai farka ta ji numfashin mutum a tsaye a kanta, ta rufe ido ta yi kamar tana barci har suka fita.

Kaya an mayar da wasu, dangi sun taimaka. Barcin ne bai dawo ba. Da magariba ta yi sai ta zauna a bakin gado ta jingina da bango, haka za ta kai asuba. Na rubuta mata rubutu ta sha, na yi mata laya, aka kawo kare ya gudu ya koma gidansu. Matar da ke cika gida da dariya ta koma ta zuba wa tukunya ido har miya ta ƙone. Ta rame, idanunta suka faɗa. Wata rana ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu, Allah ya sa ba ciki ta faɗa ba.

Sai ga wanta Hamma daga Barkiya, da sandarsa a kafaɗa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar lemun tsami, aka aika aka kira ni.

"Malam Badaru, ba hwaɗa ya kawo ni ba," in ji Hamma. "Kai mutumen kirki ne, kowa ya sani. Amma yarinyar nan in ta ci gaba haka, gawa za mu ɗauka. A wurinmu akwai mutane, akwai karnuka, shanu na kewaye da ɗaki. Ka ba ni ita in tahi da ita."

Yaya ya juya wajen ƙofar ɗaki inda Yahanasu take zaune. "Ke mi kika ce?"

"Ni ban ƙi gidan ba, Malam," ta ce. "Duhun ne. Da ya rufe sai in ji mutumen nan tsaye a kaina."

"Yaya Hamma, ka bar mani ita zuwa hwaɗuwar ruwa," in ji shi. "In ruwa ya sauka ba ta yi barci ba, ni da kaina zan kawo ta har ƙofar rugarku."

Hamma ya yarda ba don ransa ya so ba. Ni kuwa na san in Yahanasu ta tafi Barkiya ba za ta dawo bakin rafin nan ba, kuma na san wana ba zai iya zaman wata mace ba. A duniya ita kaɗai ce ke fahimtar shirunsa.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ya kora jakinsa ya tafi, ya sayar da shi, ya dawo a ƙafa da fitilun ƙwai a cikin buhu da garwar kananzir a ka. Ya bi gidajen masu ginin tukwane yana roƙon waɗanda suka tsage, mata suna ta yi masa dariya. Ya yini yana haƙa. Ya binne tukunya a kowace kusurwar danga, ya binne a wurin da ɓarayi suka tsaga, ya sa ɗaya a gindin lemun tsami, ɗaya a gindin jigo, ɗaya a bakin hanyar da ta taso daga rafi. Yana yi yana komawa ƙofar ɗakinta ya tsuguna daidai tsayin gado, ya duba, ya dawo ya karkata bakin tukunya kaɗan.

Da aka idar da sallar magariba ya kunna. Ina wurin, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa a garinmu ba. Hasken ya kwanta a kan kunyoyin albasa, ya hau jikin lemun tsami har ana ƙidaya 'ya'yansa, jigo ya tsaya da doguwar inuwarsa. Ko ɓera ya gilma ta danga sai ka gan shi. Ɗakin kuwa yana cikin duhunsa, ba mai ganin na ciki. Ya kira ta ya ce ta zauna a bakin gado ta duba ta ƙofa. Ta duba ta daɗe.

Ba a daren ta yi barci ba, kuma ba a na biyu ba. Amma kafin wata ya mutu, na zo karɓar barkono da hantsi na tarar da Yaya yana daka da kansa a turmi, a hankali, kamar mai tsoron turmin ya ji zafi. Ya ɗaga mini hannu ya nuna ɗaki. Tana ciki tana minshari.

Da ta fito na ce, "A'a, uwargidan Bature, sai yanzu? Ko a kawo shayi?"

"Kai dai Malam ƙarami ba ka da ta ido," ta ce tana gyara ɗankwali. "Ka koma ka ji da yaran mutane." Ta yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba.

Labari ya kai gari. Mutane suka riƙa fitowa bayan la'asar sakaliya su tsaya daga nesa don su ga an kunna. Dattawa suka ce almubazzaranci ne, wane mai hankali ke ƙona kananzir saboda albasa. Yaya bai kula su ba. Rabin abin da garkar ke bayarwa a mai yake tafiya, ya daina cin goro, rigarsa ta sallah ta koma ta kullum. Yahanasu ta yi ƙiba. Ta ma karɓe masa rabin aikin: shi ke kunnawa da magariba, ita ke kashewa da asuba in ya tafi masallaci, ta sa hannu cikin kowace tukunya ta fito da fitilar ta hure. Ta ce tana son ɗumin tukwanen a hannunta.

Ruwan farko ya sauka. Bayan kwana kaɗan Hamma ya zo kamar yadda aka yi alkawari. Ta kawo masa fura da kanta, ta ce, "Yaya Hamma, ka gaida mutanen gida. Ni ina nan." Hamma ya kalle ta, ya kalli tukwanen da ke binne, ya girgiza kai yana murmushi. A ranar na ga haƙoran Yaya Badaru duka, abin da ba kasafai ake gani ba.

Da ƙasa ta jiƙa sai shinge ya fito, garar nan mai fiffike da ke bin haske bayan ruwa. Da magariba suka rufe fitilun, suna faɗawa cikin tukwane suna zubar da fiffike. Yahanasu ta ji daɗi, ta riƙa kwasa da ƙwarya tana soyawa, har ta aiko mana. Bayan shinge sai kwaɗi. Kowace tukunya ka duba za ka ga sun yi sahu a bakinta, sun ƙoshi har ba sa iya tsalle. Muka yi ta dariya, na ce Yaya ya buɗe makarantar da ta fi tawa ɗalibai. Ciyawa ta fara tasowa a gindin danga. A garinmu ba wanda ya taɓa barin fitila a ƙasa a waje tun magariba har asuba, ballantana da damina, don haka ba wanda ya san abin da ke biyo bayan kwaɗi.

Wata asuba muna fitowa daga masallaci wani makiyayi ya tare mu da gudu ya ce ana kururuwa a bakin rafi. Muka sami Yahanasu zaune a gindin lemun tsami, ta riƙe hannun dama da na hagu. Ta sa hannu a tukunya kamar kullum, ashe kububuwa ta kwana a ciki, ta ci kwaɗi ta naɗe a bayan fitilar inda ke da ɗumi. Yaya ya kashe macijiyar da fartanya, ya yage bakin rigarsa ya ɗaure mata hannu.

Aka kira mai maganin maciji ya tsaga wurin ya shafa abin da zai shafa. Aka yi shawarar kai ta asibiti, amma ruwa ya kwana yana zuba, rafi ya kawo, hanyar mota ta yanke. Ranar farko har hira take yi, muka ɗauka an tsallake. Rana ta biyu hannun ya kumbura har kafaɗa, jini ya fara fita ta dasashinta, wurin da aka tsaga ya ƙi tsayawa. Aka aika Birchi da Barkiya.

Da magaribar ranar da za ta cika ta buɗe ido ta ga ƙofa da duhu. Ta ce, "Malam, ba ka kunna ba."

Ya tashi ya fita ya kunna duka, tukunya bayan tukunya, yana fara zura sanda kafin hannu. Ya dawo ya zauna. Ta juya kai ta duba ta ƙofa.

"Na yi barci a gidan nan," ta ce. "Ka gaya ma Yaya Hamma na yi barci."

Kafin asuba ta rasu. Muka kai ta da hantsi.

Yaya bai yi kuka ba. Ya zauna a tabarmar karɓar gaisuwa, wanda ya ce Allah ya ji ƙanta ya ce amin, wanda ya ce sai haƙuri ya ce na gode. Sauda tana ta birgima a ɗaki, Hamma da girmansa yana share ido da bakin rawani, shi kuwa in an miƙa masa ruwa ya sha, in ba a miƙa ba ba ya nema. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, maciji yana saran mutum a gona, yana saransa a kan hanya, har a cikin rumbu. Gaskiya ne kuma. Ina jin shi ma a kan haka ya tsaya, don da magariba ta yi sai ya tashi ya kunna fitilun a tukwanensu, ya dawo ya zauna.

Ana cikin zaman makokin ruwa ya janye, sai ga Garba mai lambun bariki ya zo daga Dutsin-Ma a kan keke. Ya tsufa, ya yi furfura. Labarin rasuwa ya ji a kasuwa, bai ji yadda aka yi ba. Ya yi gaisuwa, aka yi addu'a, ya zauna har rana ta yi sanyi. Mutane sun ragu, daga ni sai Hamma sai shi. Da Yaya ya tashi da ashana, Garba ya bi shi da ido, ya ga tukwanen. Fuskarsa ta saki, irin ta mai sana'a in ya ga aikinsa a hannun wani.

"Kai, Badaru, ashe ba ka manta ba. Wallahi ka hi ni iya saiti." Ya miƙe ya matsa kusa da ta gindin lemun tsami. "Amma mi ya sa ka bar su ƙasa har yanzu? Ai ruwa ya sauka."

Yaya ya tsaya da ashana a hannu.

"Da damina ba a barin su ƙasa," in ji Garba. "Da an yi ruwan hwari muke tone tukwanen mu kihe su, hitilun a rataye su bisa. In ba haka ba shinge ya zo, kwaɗi su biyo shi, macizai su biyo kwaɗi. Ai kowace shekara haka muke..." Sai ya tsaya. "Af. Kai lokacin ka tahi gida noma."

Na ga Hamma ya sunkuyar da kai. Garba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi fartanyar da ke jingine a jikin lemun tsami, ya gane. Ya fara salati, yana cewa bai sani ba, a yafe masa. Ba wanda ya ga laifinsa, sai dai ni a lokacin na ji kamar in toshe masa baki da hannuna.

Yaya ya tsuguna, ya zura sanda a tukunyar, ya fito da fitilar. Muryarsa ba ta canza ba.

"Bisa kamar ina?"

"Badaru, bari wannan magana."

"Kamar ina, Garba?"

Garba ya ɗaga hannu daidai kansa. Yaya ya miƙe, ya ɗaga fitilar a hankali daga gwiwa zuwa ƙirji, zuwa daidai hannun Garba, ya tsayar.

"Nan?"

"Nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya daɗe a tsaye da hannu a sama. Akwai wani guntun reshe a jikin lemun tsamin daidai wurin, inda Yahanasu ke rataya ƙwaryar shinge. Ya saƙala fitilar a jiki, ta zauna daram, ba ta ko buƙaci ƙusa ba. Ni ne na yi kukan, har Hamma ya riƙe ni. Yaya kuwa ya dubi fitilar, bai kunna ta ba, ya mayar da ashanar aljihu, ya ɗauki buta ya tafi alwala.